Kukan jirgin ƙasa: tun ran gini, tun ran zane

Babu wanda ya taɓa farkawa daga barci a birnin Agadas saboda kukan jirgin ƙasa. Daga Ingal har Bilma, daga Adarbisanat har Asamaka, ba a taɓa shimfiɗa ko taƙi ɗaya na layin dogo ba a cikin wannan jaha da ta ɗauki fiye da rabin faɗin ƙasar Nijar. Saboda haka mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mutumin Abzin da zancen zama kusa da titin jirgi? Abin da ya haɗa su shi ne, maganar ƙarar jirgi tana da lokacin yinta, lokacin kuwa shi ne kafin a kafa ƙarfe na farko. Idan an riga an kafa, abin da ya rage wa maƙwabcin dogo sai haƙuri da toshe kunne. Ƙasar Nijar tana cikin wannan lokaci mai daraja, kuma Agadas, da ta shekara arba'in da ɗoriya tana sauraron rugugin manyan motoci, tana da abin da za ta faɗa a kai.

Ko da yake jirgi bai zo Agadas ba, ya daɗe da taɓa ta. A zamanin da, fataken Gadamus da na Gat suna ratsowa ta Abzin da Damagaram da ayarin raƙuma, suna kai hajar Tarabulus zuwa Kano, su komo da ƙiraga da gashin jimina da hauren giwa. A shekara ta 1911 layin dogo ya iso Kano daga kudu. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauka a cikin hamada, sai jirgi ya riƙa kai su bakin teku cikin ƴan kwanaki, a kan kuɗi kaɗan. Ba a daɗe ba wannan tsohuwar hanya, wadda dama ta fara rauni, ta mutu. Ayarin gishiri na Bilma da Fashi ne ya wanzu, domin babu dogon da ya yi takara da shi.

An sha yin alkawarin jirgi ga wannan yanki. Turawan Faransa sun yi mafarkin layin da zai ƙetare Sahara tun ƙarni na 19. Tawagar Kanar Flatters, da aka aiko ta auna hanyar, ta halaka a hannun mayaƙan Kel Ahaggar a watan Fabrairu na 1881. A 1941 gwamnatin Faransa ta wancan lokaci ta sake tayar da aikin, aka sa fursunoni aikin tilas, amma ƙarfen ya tsaya kudu da garin Beshar a ƙasar Aljeriya. Daga kudu kuma, layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku, bayan kilomita 438. Sai a watan Afrilu na 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, aka shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka gama a 2016, amma bai samu yin jigilar yau da kullum ba.

Wannan tarihi ya sa mutane da yawa suna ɗaukar zancen jirgi kamar tatsuniya. To, amma akwai aikin da ya wuce matakin takarda. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon wajen kilomita 284, wanda gwamnatin Najeriya ta ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Layin zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shigo Nijar. Duk ranar da ya fara aiki, akwai magidanta ƴan Nijar tsakanin iyaka da Maraɗi da za su kwana su tashi da jirgi a bayan danga. Yadda aka yi da su shi ne zai zama misalin da za a bi a duk inda dogo ya je nan gaba, ko Damagaram ne, ko Tawa, ko ita kanta Agadas mai ma'adinai.

Abin da Agadas ta sani, ta san shi ne daga hanyar uraniyom. Kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978, kuma a ƙarshen waɗannan shekaru aka malala kwalta fiye da kilomita 600 daga Tawa zuwa Arlit. Shekara da shekaru gingimarai suna hawa da man fetur da farar wuta da kayan ƙarfe, suna sauka da gangunan uraniyom zuwa Faraku, inda jirgin ƙasa ke karɓa ya kai Kwatano. An rufe Cominak a watan Maris na 2021, hanyar Benin ma ta toshe a 2023, amma zinariyar Jado da ta Cibarakaten, da aka gano a 2014, ta kawo nata motocin. Duk wanda ya bi wannan hanya ya ga yadda gari ke manne wa kwalta. Mai shayi ne ke fara kafa teburi, mai faci ya biyo, mai tuwo ta yi rumfa, rumfa ta zama shago, shago ya samu ɗakin kwana a bayansa. Kafin hukuma ta waiwaya, unguwa ta kafu a inda ko garken awaki bai kamata ya kwana ba, da yaranta da makarantar allonta.

Idan aka tambayi mazauna irin waɗannan wurare, amsarsu guda ce: an saba. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Likitoci sun tabbatar cewa kunne ba ya barci. Mutum na iya daina farkawa sarai, amma duk lokacin da ƙara ta wuce, bugun zuciyarsa na ƙaruwa, barcinsa mai nauyi ya koma sama-sama, ya wayi gari da gajiya bai san dalili ba. Idan abin ya ɗauki shekaru, yana taimakawa wajen hawan jini da ciwon zuciya. Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hirar mutum biyu tana kai wajen 60, kuma duk ƙarin 10 kunne na jin sa kamar an ninka ƙarar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawara cewa matsakaiciyar ƙarar jirgin ƙasa a inda mutane ke zaune kada ta wuce desibel 54, da dare kuma kada ta wuce 44. Ga ta motoci, ta sa 53 da 45. Jiniyar jirgi kuwa, ga wanda ke kusa, takan haura 100. An rubuta shawarar domin Turai, amma zuciyar Bature da ta Ba'abzine halitta ɗaya ce.

Yara su ne suka fi cutuwa, kuma akwai shaida a kan haka. A birnin New York na Amurka akwai wata makarantar firamare da ke dab da titin jirgi. A 1975 wata masaniya mai suna Arline Bronzaft ta gwada karatun yaran da azuzuwansu ke fuskantar dogo da na waɗanda ke ɗaya ɓangaren ginin. Ta tarar na gefen jirgi suna baya, har waɗanda ke aji shida sun yi kusan shekara guda a baya wajen iya karatu, domin kowane ƴan mintoci sai malami ya yi shiru jirgi ya wuce. Bayan haka aka sa roba a ƙarƙashin ƙarafan dogo, aka liƙa abin shanye sauti a rufin azuzuwan. Da aka sake gwadawa a 1981, bambancin ya ɓace. Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san wahalar riƙe harafi a ka ko da wuri ya yi tsit. Ina ga yaron da ake katse masa darasi sau da yawa a yini?

Ya kamata kuma a san irin jirgin da ake magana. Dogon da zai zo ƙasa irin Nijar, kaya ne za su biya kuɗinsa: hatsi, dabbobi, siminti, mai, ma'adinai. Jirgin kaya kuwa ya fi na fasinja nauyi da tsawo, kuma ba ruwansa da dare. A Muritaniya, ƙasar hamada kamar Abzin, jirgin tama da ke tafiya kilomita 704 tsakanin Zuwerat da Nuwadibu tun 1963 yakan kai tsawon kilomita biyu ko fiye. Ƙarar irinsa tana fitowa ta kafa da yawa. Akwai rurin inji, akwai gogar ƙafa da ƙarfe, akwai bugun da ake ji duk inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, akwai ƙugin birki da karon taragu a tasha, sannan ga jiniya a kowace mahaɗa. Ban da abin da kunne ke ji, akwai jijjigar da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga bango, wadda mai gidan laka ya fi kowa dalilin damuwa da ita.

Maƙwabtan Najeriya sun riga kowa sanin wannan. Dogo ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, garuruwa suka girma a bakinsa saboda cinikin gyaɗa da auduga. Da harkar jirgi ta lalace a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, sai mutane suka ɗauka ya tafi ke nan. Aka kafa rumfuna a kan filinsa, aka baza tumatir da gwanjo a kan ƙarfe, aka yi gini har bakin duwatsun titi, a Kano da Kaduna da Ikko. A watan Disamba na 2012 jirgin Ikko zuwa Kano ya dawo aiki, kuma tun daga lokacin hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya take fama da gargaɗi da rusau. Wanda aka rushe wa shago ya yi asara, wanda aka bari yana kwana da ƙara, direban jirgi kuma yana busa jiniya ba ƙaƙƙautawa don kada ya taka mutum, abin da ke ƙara wa unguwa hayaniya. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa.

Akwai masu cewa wannan duk kukan daɗi ne. A ganinsu, ƙasar da ke neman hanyar fitar da kayanta ba ta da lokacin zancen barci, kuma talaka da kansa yake zaɓar bakin hanya domin a nan ciniki yake. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Mai sayar da ƙosai ba za ta gode wa wanda ya kai ta bayan gari inda babu mai saye ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a fasa jirgi saboda yana da murya. Sai dai wurin ciniki daban, wurin kwana daban. Ana iya yi wa masu sana'a kasuwa a gaban tasha, a yanka musu filayen gida can nesa da ƙarfe. Game da kuɗi kuwa, filin da aka keɓe tun yana daji kusan kyauta ne, amma idan aka bari ya cika da gidaje, sai an biya diyya, an yi shari'a, an kawo jami'an tsaro. Kuma a ko'ina cikin duniya, mai hali yakan sayar ya ƙaura, a bar marar hali a bakin dogo.

Aiki na farko yana wuyan masu yanka filaye, wato ma'aikatun magajin gari da na tsarin birane da kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Da zarar an san inda dogo zai bi, a keɓe fili dama da hagu, a kafa turaku da kowa zai gani, a shelanta faɗinsa a rediyo cikin Hausa da Tamashek da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa. Nisa yana aiki, amma a hankali yake yi. Ga dogon jirgi, duk ninka tazara yana rage wajen desibel 3 ne kawai, wato sai an matsa daga mita 25 zuwa mita 200 kafin kunne ya ji ƙarar ta ragu da kusan rabi. Don haka layin farko na bakin dogo a bar wa sito da gareji da ma'ajiyar kaya, su zama garkuwa, gidaje su biyo baya, makaranta da asibiti su fi kowa nisa. Ma'aikacin da ya sayar da fili a cikin wannan keɓaɓɓen wuri ya ci amanar mai saye da ta hukuma gaba ɗaya, kuma ya kamata hukuncinsa ya fi na wanda ya saya.

Aiki na biyu shi ne adalci ga wanda dogo ya tarar. Manomin da ya gaji gonarsa kaka da kakanni bai je wurin jirgi ba, jirgi ne ya zo masa. Dokar ƙasa ta 1961 kan karɓar fili domin amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta tanadi a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Kalmar "kafin" ita ce ƙashin bayan dokar. Sa'an nan a tuna da wanda ba a taɓa gidansa ba amma ƙarfe ya wuce taku talatin daga ɗakin kwanansa. Shi ma ya yi asara, ko da ba a cire masa tubali ɗaya ba, kuma ya cancanci a yi masa katanga ko a ba shi zaɓin ƙaura.

Aiki na uku yana kan masu ƙulla yarjejeniya da kamfanonin gini. A rubuta tun a takarda cewa inda dogo ya kusanci gari za a narke bakin ƙarafa a haɗe su, domin bugun mahaɗi ya ɓace, a sa roba a ƙarƙashinsu, a tara tudun ƙasa ko a gina katanga da za ta tare ƙafafun jirgi daga ganin gidaje. Irin wannan katanga takan rage desibel 5 zuwa 10. Itatuwa suna tare ƙura, suna ba da inuwa, amma layi ɗaya na dogon yaro ba ya tare ƙara, kada a ruɗi jama'a da shi. Mahaɗar dogo da hanya kuma ta samu shinge da mai gadi, ko gada, domin jirgin kaya mai gudu yakan yi fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya. A ƙasar makiyaya wannan magana ta fi nauyi. Burtalin da garkuna ke bi zuwa arewa da damina, har su kai gishirin Ingal, ya girmi kowace taswira, kuma dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa. Idan dogo ya datse burtali ba a bar mafita ba, raƙumi ba zai karanta allo ba.

Ita Agadas tana da amanar da ta fi ta sauran garuruwa. Tsohon birninta, da fadar Sarkin Abzin, da hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 da aka gina da laka zalla, sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ginin laka yana jure rana da iska na ɗaruruwan shekaru idan ana yi masa yaɓe, amma ba a yi shi don jijjigar manyan injuna ba. Ƙa'idar da ta dace da gingimari a yau ita ce za ta dace da jirgi gobe: kaya masu nauyi su tsaya a wajen gari, tasha da ma'ajiya su kasance can, a kuma keɓe musu wurin tun birnin bai miƙa ƙafa ya cinye shi ba.

Magidancin da ya riga ya samu kansa a bakin hanya, shi ma ba a rasa abin da zai yi ba. Nauyi ne ke tare sauti, saboda haka katangar laka mai kauri ta fi kwano da zana nesa ba kusa ba, kuma rufin soro ya fi rufin kwano. Zaure da rumbu da madafa su kasance ta gefen hanya, ɗakin kwana da na yara su koma can ƙurya. Taga ta fuskanci tsakar gida. A toshe kafar da ke ƙarƙashin ƙofa, domin duk inda iska ta bi, ƙara na bi. A ja wa yara kunne kada su mai da titi wurin wasa. Wannan duka sassauci ne, ba ya ɗauke wa hukuma nata nauyi.

A nan ne waɗanda suka fita daga duhun jahilci za su nuna amfanin karatunsu. Idan aka liƙa sanarwa a ƙofar ma'aikata, su karanta wa ƴan'uwa. Idan aka kira taron jin ra'ayi, su halarta, su tambayi inda ƙarfe zai bi, da inda za a ƙetara, da faɗin filin da aka keɓe, su rubuta amsar da ranar da aka ba da ita da sunan wanda ya ba da ita. Su taimaki maƙwabta su nemi takardar shaidar gona ko ta gida tun ba a zo awo ba. Sarakuna da masu unguwanni da limamai su hana a kafa rumfar farko, domin ita ce uwar sauran. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa a kan lokaci, a wurin da ake rubutawa.

Jirgin ƙasa alheri ne ga ƙasar da ba ta da bakin teku, kuma jama'a na da haƙƙin su yi marhabin da shi. Agadas ta karɓi kwalta da murna fiye da shekara arba'in da suka wuce, ba a tambayi inda masu bakin hanya za su kwana ba. Ga Maraɗi da sauran garuruwan da dogo zai iska, tambayar tana nan a buɗe, turaku da igiyar awo kuma ba su fi ƙarfin kowace ma'aikatar magajin gari ba. Allah ya ba shugabanni ikon aunawa tun ran gini, ya ba talakawa barci mai daɗi.